Ilmin Da Ke Ɓoye A Bangon Masallatan Farisa

 

Darasin wannan mako ya shafi zanen da magina Musulmi na ƙasar Farisa, watau Iran ta yau da garuruwan da suka yi tarayya da ita cikin al'ada irin su Buhara da Samarƙandi, suka riƙa yi wa fuskar masallatai da makarantu da hubbarori. Duk wanda ya taɓa ganin hoton ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine zai tuna da shi: taurari masu tsini takwas, ko goma, ko goma sha biyu, da layuka suna sarƙe juna, wannan ya bi ta kan wancan sa'an nan ya nutse ƙarƙashin na gaba, har ido ya rasa inda suka faro. Farisawa suna kiran wannan zane girih, ma'anar kalmar kuwa ƙulli.

In aka tambayi mutane dalilin wannan zane, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce, Musulunci ya hana surar abu mai rai, shi ya sa magina suka koma ga layuka da taurari. Akwai gaskiya a cikin wannan amsa, domin hadisan da suka zo a kan masu yin surori sanannu ne, kuma ba a san Musulmi da sa gumaka ko hotunan mutane a ɗakin sallarsu ba. Amma amsar ba ta ƙoshar ba. Sarakunan da suka gina manyan masallatan Isfahan su ne dai suka cika bangon fadarsu ta Cihil Sutun, wadda aka gama a wajen 1647, da hotunan mayaƙa da baƙi da makaɗa. A Samarƙandi ma akwai makarantar da a ke kira Shir Dor, wadda aka gina tsakanin 1619 da 1636, a goshinta an zana wasu namun daji masu kama da zaki suna bin barewa. Wannan ba hujja ba ce ta halacci, aikin sarakuna ne. Abin da ya nuna kawai shi ne, masu zanen ba rashin iya sura ne ya kai su ga taurari ba. Bugu da ƙari, hani yana gaya wa mutum abin da zai bari ne, ba ya koya masa yadda zai raba da'ira gida goma daidai wa daida. Wannan sai da ilmi, kuma ilmin yana da tarihi da malamai da littattafai.

Asalin abin daga tubali ne. Tsakiyar ƙasar Farisa busasshiya ce, itacen gini ba shi da yawa, sai aka dogara ga ƙasa, ɗanya da ƙonanniya. Magina suka lura cewa in aka jera ƙonannen tubali, wani a kwance, wani a tsaye, wani a karkace, wani ya ɗan fito waje, wani ya ɗan shige ciki, to rana da kanta za ta yi wa bangon ado da haske da inuwa, kuma adon zai riƙa sakewa daga hantsi zuwa la'asar. Suka sa wa wannan aiki suna hazarbaf, watau saƙa dubu. Mafi daɗewar misalinsa da ya shahara yana Buhara, garin Imamul Buhari: hubbaren sarakunan Samaniyawa, wanda aka gina a farkon ƙarni na 10 na Miladiyya. Ɗan ƙaramin gini ne, kowane gefe bai fi mita 10 da 'yan kai ba, amma bangonsa sai ka ce saƙar kwando. A shekarar 1006 kuma aka ta da hasumiyar Gunbadi Ƙabus a arewacin Iran, mai tsawon fiye da mita 50, wadda tushenta kansa tauraro ne mai tsini goma.

Inda aikin tubali ya ƙure kuwa shi ne wasu hubbarori biyu da ke tsaye a wani fili da a ke kira Harraƙan, a yankin Ƙazwin. An gina na farko a shekara ta 460 ta Hijira, daidai da 1067 zuwa 1068, na biyun kuma a 486, daidai da 1093, a zamanin sarakunan Saljuƙawa. Kowanne yana da fuska takwas, kuma magini bai yarda ya maimaita zane ɗaya a fuskokin ba. Gomomin zane daban-daban ne a jikinsu, duk da tubali tsantsa, ba launi ko ɗigo, kamar dai maginin ya ɗauki hubbaren ya mai da shi allon da ya rubuta dukan abin da ya sani. Ya kuwa rubuta sunansa a jikin na farko, Muhammadu ɗan Makki mutumin Zanjan. Girgizar ƙasa ta shekarar 2002 ta yi wa hubbarorin nan biyu mummunar ɓarna.

To, daga ina magini irin wannan ya samo lissafinsa? A nan ne ya kamata mai karatu ya san wani malami da ba a cika ambatonsa ba, Abul Wafa Albuzjani. An haife shi a shekarar 940 a Buzjan ta ƙasar Hurasan, ya koma Bagadaza yana saurayi, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana lissafi da taurari na zamaninsa, ya rasu a can a wajen 998. Cikin littattafansa akwai wanda ya rubuta musamman domin masu sana'a, a kan abin da mai sana'a ke bukata daga ayyukan handasa, watau ilmin auna siffofi. A ciki ya nuna yadda a ke zana siffa mai kusurwa biyar, da mai shida, da mai takwas, da mai goma, ba da komai ba sai abin ja layi da ƙarfen nan mai ƙafa biyu na zana da'ira. Wasu ma ya nuna yadda za a yi su ba tare da an sake buɗin ƙarfen ba ko sau ɗaya, abin da ya fi dacewa da mutumin da ke aiki a kan tsani.

Abin da ya fi ban sha'awa a littafin shi ne labarin da ya bayar na wani zama da ya halarta, inda aka tara masana handasa da masu sana'a wuri ɗaya. Aka kawo matsala: ga murabba'i uku masu girma ɗaya, yaya za a yanka su a haɗa su zama babban murabba'i guda? Wani masanin handasa ya ja layuka ya fitar da tsawon gefen murabba'in da a ke nema, amsarsa kuwa daidai ce. Masu sana'a ba su gamsu ba, suna kuwa da hujja, domin su ba tsawon layi su ke nema ba, so su ke a nuna musu inda za su sa wuƙa. Sai su ma suka kawo tasu hanyar da suka gada, wadda in an haɗa ta ido zai rantse murabba'i ne. Abul Wafa ya nuna musu da lissafi cewa ba haka ba ne. A ɗauka gefen kowane ƙaramin murabba'i 10 ne. Faɗin ukun a haɗe 300 ke nan, saboda haka gefen babban dole ya kai kusan 17 da sulusi. Hanyar magina kuwa tana ba da 17 ne da 'yar ɗoriyar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Bambancin ƙanƙane ne, ba mai ganinsa a tubali ɗaya, amma in aka jera irinsa ɗari a bango, layin da ya taso daga dama ba zai taɓa gamuwa da wanda ya taso daga hagu ba.

Sa'an nan ya kawo tasa hanyar, wadda mai karatu zai iya gwadawa da takarda da almakashi. A ajiye murabba'i ɗaya a tsakiya. A yanka sauran biyun daga kusurwa zuwa kusurwa, a sami alwatika huɗu. A jingina dogon gefen kowace alwatika ga gefe ɗaya na murabba'in tsakiya, bakinta ɗaya ya yi daidai da kusurwa, ɗaya bakin ya zarce, kuma duka huɗun su zarce ta fuska ɗaya kamar suna bin juna. A haɗa ƙololuwar alwatikun nan huɗu da layuka. Abin da ya fito murabba'i ne, 'yan guntayen da suka yi waje da layi kuwa, in an yanke su, za su cike guraben da suka rage a ciki ba ragi ba ƙari. Da wannan malamin ya ba masana hujjarsu, ya ba magina wurin yankansu. Daga baya an fassara littafin zuwa Farisanci, har akwai kwafinsa a ɗakin ajiye littattafai na ƙasar Faransa a Faris, haɗe da wata risala ta Farisanci mai koyar da yadda a ke sarƙa siffofi cikin juna.

Wannan zama na malamai da magina ba baƙon abu ba ne ga mutanen wancan zamani. Imamul Gazali, a farkon littafinsa Ihya'u, ya lissafta ilmin hisabi da na likita cikin farillan kifaya, ya haɗa da tushen sana'o'i irin su noma da saƙa. Wazirin da ya naɗa Gazali shugaban malaman makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1091, watau Nizamul Mulki, shi ne kuma ya gina babbar ƙubbar da ke wajen alƙibla a Masallacin Jumma'a na Isfahan 'yan shekaru kafin haka. Abokin hamayyarsa a fada, Tajul Mulki, bai yarda a bar shi a baya ba, shi ma ya gina tasa a ɗaya ƙarshen masallacin a shekara ta 481 ta Hijira, daidai da 1088. Ta biyun ta fi ƙanƙanta, amma ita ce masana gini suka fi yabo, a cikin rufinta kuwa akwai tauraro mai tsini biyar da aka fitar da tubali. A daidai waɗannan shekaru Umar Hayyam yana Isfahan yana aikin duban taurari ga Sarki Maliki Shah, shi ya sa wasu masu bincike suka yi zaton da hannunsa a lissafin ƙubbar. Zato ne dai. Ba a jikin ginin aka rubuta ba. Yana da kyau kuma a lura cewa duk wannan ya faru ne tun ƙasar tana hannun sarakuna Ahlus Sunna, ƙarni huɗu kafin Safawiyawa su mai da Shi'anci mazhabar mulki a 1501. Sana'ar ta girmi wannan rabuwa, kuma ta ratsa ta ba tare da ta yanke ba.

Me ya sa tauraro mai tsini biyar ya zama abin magana? Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Siffofi masu daidaitattun gefuna guda uku ne kaɗai za a iya jera irinsu zalla su rufe daɓe ba tare da giɓi ba: alwatika, da murabba'i, da mai kusurwa shida irin ta saƙar zuma. Mai kusurwa biyar ba ta yarda. Kowace kusurwarta digiri 108 ce, in uku suka haɗu a wuri ɗaya sun ba da 324, saura 36 kafin a cika 360, ta huɗu kuwa ba ta da wurin shiga. Saboda haka zanen da aka gina a kan huɗu ko shida kowane magini mai natsuwa zai iya shi, amma wanda aka gina a kan biyar da goma sai gwani, domin dole ya ƙirƙiro wasu siffofi da za su toshe wannan giɓi na 36, kuma su toshe shi daidai a ko'ina. Magina na Farisa ba su guje wa wannan wahala ba, nemanta ma suka riƙa yi. A garin Maraga akwai hubbaren da a ke kira Gunbadi Kabud, na shekarar 1197, mai fuska goma, wanda aka lulluɓe jikinsa da ragar siffofi masu kusurwa biyar, zanen yana ƙetare kusurwar gini daga wannan fuska zuwa waccan bai karye ba.

A hankali launi ya shigo. Da fari 'yan ɗigo ne na shuɗi a tsakanin jan tubali. Daga ƙarni na 14 sai ya mamaye bango duka. Garin Kashan ya yi suna wajen yin fale-falen tangaran har sunansa ya zama sunan abin, kashi. Hanya mafi daraja ita ce wadda su ke kira mu'arraƙ. A kan gasa kowane launi daban, shuɗi mai duhu, da shuɗi mai haske, da fari, da baƙi, da rawaya, kowanne da zafin wutar da ya dace da shi. Sa'an nan a manna takardar zane a kai, a sassaƙe kowane guntu da hannu, a goge bakinsa. Daga nan sai a jera guntayen a ƙasa a kife, fuskarsu na kallon daɓe, a kwarara musu farar ƙasar gini a baya, in ta bushe a ɗaga allon gaba ɗaya a kafa a bango. Watau mai aikin ba ya ganin fuskar abin da ya ke haɗawa sai bayan ya riga ya daskare. Mutumin da ke aiki haka ba idonsa ya dogara da shi ba, da zanen da aka auna tun farko ya dogara. Da irin wannan aiki aka ƙawata doguwar ƙofar Masallacin Jumma'a na Yazdu, da Shuɗin Masallaci na Tabriz na shekarar 1465. Akwai kuma wata hanya, banna'i, inda a ke jera tubali mai launi tsakanin marar launi har ya fitar da rubutun Kufi mai kusurwoyi, a karanta sunan Allah ko na Manzo daga nesa. Ita ce ta rufe bangon makarantar Ulug Beg a Samarƙandi, wadda aka gina tsakanin 1417 da 1420. A wannan gari ne kuma Jamshidu Alkashi ya gama littafinsa Miftahul Hisabi a 1427, inda ya keɓe wani sashe ga auna bakan gini da ƙubba da adon nan mai kama da saƙar zuma da a ke kira muƙarnas.

Da Shah Abbas ya mai da Isfahan babban birninsa a 1598, ya soma babban masallacinsa a 1611, sai gaggawa ta shigo cikin sana'ar. An bar wa babbar ƙofar masallacin aikin mu'arraƙ, amma yawancin sauran bangon an rufe shi ne da haft rang, watau launi bakwai: fale-fale masu kusurwa huɗu da a ke zana wa launuka duka a gasa su sau ɗaya. Ya fi sauri, ya fi araha, ya kuma fi dacewa da zanen furanni da rassa, waɗanda daga nan suka soma rinjayar taurari. Masallacin ya yi kyau ba shakka, amma wanda ya gwada hasken launin ƙofar da na ciki ya san an sayi lokaci ne da wani abu.

Magina ba su cika rubuta sirrinsu da kalmomi ba, a naɗaɗɗun takardu su ke ajiye shi, ɗa ya gada daga uba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan takardu ta tsira a fadar Topkapi ta Istambul. An yi ta a Iran a ƙarshen ƙarni na 15 ko cikin na 16, tsawonta ya kusa mita 30, tana ɗauke da zane 114, ba bayani a rubuce. Wata masaniya mai suna Gulru Najib'oglu ta buga ta tare da sharhi a 1995. A cikin wasu zane-zanenta, ƙarƙashin baƙaƙen layukan da za su bayyana a bango, akwai wasu layuka na daban da ba za su bayyana ba. Su ne ƙashin bayan zanen.

A shekarar 2007 wasu masana biyu na Amurka, Peter Lu da Paul Steinhardt, suka buga bincike a kan waɗannan ɓoyayyun layuka. Suka nuna cewa da yawa daga cikin zanen biyar da goma ana iya haɗa su da siffofi biyar kacal: mai kusurwa goma, da mai biyar, da wata doguwa mai shida, da wata mai tsukakken ƙugu kamar kalangu, da wani karkataccen murabba'i. Gefunansu duka tsawo ɗaya ne, kuma a kan kowace siffa an ja layuka da ke ratsa tsakiyar kowane gefe da karkata iri ɗaya, saboda haka duk yadda aka jera su, layin wannan zai kama na waccan. Suka kuma duba wani zane a hubbaren Darbi Imam na Isfahan, wanda aka soma ginawa a 1453, inda babban zane ke ɗauke da ƙaramin irinsa a cikinsa, suka ce tsarinsa ya kusa zama irin wanda ba ya maimaita kansa komai nisan da aka ja shi, abin da masanin lissafi na Ingila Roger Penrose ya bayyana a 1974. Jaridun duniya suka ɗauka da zafi, wasu har suka ce Musulmi sun riga Turawa da shekara 500. Ya kamata a yi adalci a nan. Su kansu masu binciken sun ƙirga 'yan wuraren da zanen ya saɓa wa ƙa'idar. Wani masani a Danmak, Emil Makovicky, wanda ya riga su nazarin hubbaren Maraga tun 1992, ya yi musu gardama a kan wasu abubuwa, wasu kuma suka ce mai yiwuwa allon zanen na gyaran da aka yi wa ginin ne daga baya. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne, mutanen da suka yi wannan aiki sun mallaki wata hanya ta lissafi mai zurfi, wadda sai da masana kimiyyar wannan zamani suka zauna suka yi nazari kafin su gane ta. Wannan kaɗai ya isa, ba sai an ƙara masa gishiri ba.

Haka kuma maganar da a ke yawan yi, cewa tauraron tsakiya ishara ce ga Tauhidi, layukan da ba su ƙarewa kuma ishara ce ga rashin iyakar ikon Allah. Tunani ne mai kyau, kuma ba laifi mumini ya dubi bango ya tuna da Mahaliccinsa. Sai dai marubutan ƙarni na 20 ne suka yaɗa wannan fassara. Abul Wafa da Alkashi, da suka zo rubuta wa magina, maganar awo suka yi musu, da inda kuskure ke shiga, da yadda za a kauce masa.

Kuskuren kuwa bai daina shiga ba. An shafe shekaru fiye da goma ana gyaran fale-falen babbar ƙubbar masallacin Shah Abbas. Da aka soma sauke katakan aikin a shekarar 2022, sai hotuna suka nuna cewa a wajen ƙololuwar ƙubbar zanen ya karkace, rassan da ya kamata su gamu sun saɓa wa juna. Hukumomin kula da kayan tarihi na Isfahan suka amsa cewa lalle an sami tangarɗa, suka ce za a ciro wannan sashe a sake jera shi.